Itatuwan Magani: Bayani ga Iyayen Ƙasa da Malamansu na Mafara da Bakura da Maradun

An buga wannan takarda dominku, da hakimanku, da malaman da ke riƙe da littattafan ofisoshinku. Abin da ta ƙunsa bayani ne a kan itatuwa da tsire-tsiren da talakawa ke magani da su, da waɗanda ke cutarwa daga cikinsu, da kuma aikin da a ke roƙonku ku sa hannu a ciki.

Sunayen sabara da kalgo da marke kun san su tun ba a haifi mai wannan rubutu ba, don haka ba za mu ɓata lokacinku da su ba. Dalilin takardar shi ne, in yaro ya kwana da masassara a ƙauye, kakarsa ce ke fara zagawa bayan gida ta tsinko ganye. In abin ya ƙi, a jira ran kasuwa a nemi mai magani. Sai a rana ta uku ko ta huɗu a ke tunawa da asibiti, ga shi kuwa tun da rashin tsaro ya tsananta hanyar asibitin ta ƙara nisa ga mutanen ƙauyuka da yawa. Abin da aka ba yaron cikin waɗannan kwanaki, da lokacin da aka ɗauke shi, su ne sau da yawa sanadin tashinsa ko rashinsa. Maganar uban ƙasa kuwa tana shiga gidajen da maganar likita ba ta kaiwa.

Asalin wannan ilmi

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Sanin itatuwa tsohon ilmi ne a ƙasar nan, har ya shiga littattafai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai da Larabci a kan ciwon ido da basir da maganin wankin ciki. Malam Muhammadu Tukur, ɗaya daga cikin almajiran Shehu, wanda ya zauna a Matusgi ta ƙasar Mafara, shi ma ya yi rubutu a kan magani. Bayan zuwan Turawa wani likita mai suna Dalziel ya bi Arewa yana tambayar mutane sunayen itatuwa, ya buga su a littafi a 1916, sa'an nan a 1937 ya fitar da babban littafinsa na tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma. Sunan da masana na duniya ke kiran hano da shi a yau, sunan wannan likita ne aka liƙa masa. Abin da ya rubuta kuwa daga bakin bokaye da ungozomai da maharba ya ji shi.

Magungunan asibiti da yawa daga itace su ka fito. Kwinin daga ɓawon wani itace ne na ƙasar Feru da maƙwabtanta, wasu Faransawa biyu su ka tace shi a 1820. A 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgi, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma ba wanda masassara ta kashe, abin da ya ba Turawan zamanin mamaki ƙwarai. Maganin da a ke ba mai zazzaɓin cizon sauro a asibitocinmu yanzu, asalinsa wani haki ne na ƙasar Sin ɗan'uwan tazargade. Wata mata mai suna Tu Youyou da abokan aikinta su ka fitar da sinadarinsa a 1972, bayan sun duba tsofaffin littattafan magani na ƙasarsu, aka ba ta lambar Nobel a 2015. Ko kwankwani da maharba ke haɗa dafin kibiya da shi, likitocin Turai sun daɗe suna tace danginsa suna ba masu ciwon zuciya. Abu guda ne ke kashe namiji a daji ya kuma taimaki mai ciwo a gado, bambancin yana wajen awo. To, awon nan shi ne babban abin da maganinmu na gida ya rasa. Ƙoƙon wannan gida ba ɗaya ya ke da na wancan ba, kuma ganyen da aka tsinka da damina ƙarfinsa ba ɗaya ya ke da na rani ba.

Waɗanda amfaninsu ya bayyana

Bari mu fara da bagaruwa. Abin nan mai bauri da ke cikin 'ya'yanta, wanda majema ke jeme fatar jar akuya da shi, shi ne ke ɗaure naman jiki. Shi ya sa ruwanta da aka tafasa ya huce ya ke da amfani wajen kurkure baki mai miki ko dasashi mai jini, da wanke ƙaramin rauni. Mutane kan sha ta don zawo, haka kuma sabara, wadda an gwada ganyenta a ɗakunan bincike an ga yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Amma a nan akwai abin lura. Yaron da zawo ya kashe, ƙarewar ruwan jikinsa ce ta kashe shi. Ko jiƙo ya rage masa zagawa, bai mayar masa da ruwa da gishirin da ya zubar ba. Abin da ke mayar da su shi ne garin nan na gishiri da sukari da a ke samu a ƙulle a ɗakunan shan magani, a zuba ƙulli ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ba fasawa, uwa kuma ta ci gaba da ba shi nono. Wanda ya ga amai da gudawa na 2021, wanda Zamfara na cikin jihohin da ya fi taɓawa, ya san babban mutum ma kan zube cikin yini ɗaya.

Filasko maganin wankin ciki ne na gaske, sinadarin da ke cikinsa shi ne a ke sayarwa a kantin magani don mai taurin bayan gida. Tsamiya ma tana sassauta ciki, amma a hankali. Sai dai filasko ba na mai juna biyu ba ne, ba na ƙaramin yaro ba ne, kuma mutumin da cikinsa ya ɗaure ya yi tauri yana murɗa yana amai, kada a kuskura a ba shi, gama mai yiwuwa hanjinsa ne ya toshe, wankin ciki kuwa sai ya ƙara ɓarna. Wannan aikin likita ne, da gaggawa.

Kuka da zogale a wajen abinci amfaninsu ya fi yawa. Garin 'ya'yan kuka ya fi lemo bitamin nesa ba kusa ba, ganyen zogale kuma yana ƙara jini yana taimakon ido. Uwar da ke sa su a abincin yaron da ta yaye ta yi masa rigakafi tun ciwo bai zo ba. Ƙwayar zogale in an daka an zuba a gurɓataccen ruwa tana kwantar da laka, ko da ya ke sai an tafasa ruwan kafin a amince da shi. Saiwar zogale dai mai ciki ta nisance ta. Asuwakin marke da man kaɗe ba su bukatar dogon bayani, a ci gaba da su.

Maganar masassara

A nan za mu ɗan daɗe, gama a nan a ke yawan hasarar rayuka. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya zauna rani da damina a magudanai da gonakin shinkafa na ƙasashen nan uku. Alherin abin ba ya ɓoyuwa, amma inda ruwa ya kwanta nan sauro ke haihuwa.

Abin da mutane su ka fi dogara da shi ga masassara shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, Kanawa su ce darbejiya ko maina. Baƙo ne a ƙasar nan, asalinsa Indiya, a Barno aka fara dasa shi a 1928. Na biyunsa sassaƙen maɗaci. Duka biyun suna da ɗaci ƙwarai, mu kuwa mun saba ɗaukar ɗaci alamar ƙarfin magani. In an yi wa mai masassara surace da ganyen dogon yaro sai ya yi gumi, jikinsa ya yi sanyi, a ce ya samu sauƙi. Sai dai ita wannan masassara halinta ke nan, takan sauka ta sake hawa ko ba a sha kome ba, domin ƙwayoyin da ke cikin jini lokaci-lokaci su ke fashewa. Har yanzu ba a tabbatar a jikin mutane cewa dogon yaro ko maɗaci na kashe waɗannan ƙwayoyi sarai ba. Ko tazargaden nan na Sin, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙonsa a madadin ƙwayar asibiti ba, don jiƙo ba ya kai ƙarfin da zai gama da cutar, sai ya bar ragowar da za ta saba da maganin.

Babban mutumin da ya sha fama da masassara tun yana yaro, jikinsa na iya jurewa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da mace mai ciki ba su da wannan juriya. Saboda haka abin da a ke so ku faɗa wa masu unguwanni su faɗa wa jama'a shi ne, yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar, gwajin ɗigo ɗaya ne daga yatsa, ba ya kai rabin sa'a. In ya fara taune-taune, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko barci ya danne shi ba ya farkawa, to ba sauran jiƙo ko hayaƙi. Kada kuma a ɗura wa mai suma kome a baki, yana iya bi ta hanyar numfashi. Man dogon yaro kuwa guba ne ga jariri, an ga ya sa jarirai suma da jijjiga. Maganin rigakafin da ma'aikata ke bi gida gida suna ba yara wata-wata da damina, ku taimaka a karɓe shi.

Ba kowace masassara ce ta sauro ba. Da bazara, in zafin jiki ya zo da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ku tuna da sanƙarau ɗin da ya tashi a Zamfara a ƙarshen 2016 ya ci rayuka masu yawa cikin 2017. Wannan babu ganyen da ke tare shi, kuma sanar da hukuma da wuri wajibi ne a kan mai gari.

Ruwan da ya kawo sauro ya kawo tsargiya, gama ƙwayarta a jikin ƙananan dodon koɗi na magudanai ta ke girma kafin ta huda fatar yaro mai wanka. A 1933 wani likita a Sudan mai suna Archibald ya nuna 'ya'yan aduwa in an jiƙa su a ƙaramin tafki suna kashe waɗannan dodon koɗi. Abin sha'awa ne, ga aduwa ko'ina a dajinmu, amma tana kashe kifi ma, kuma ba ta isa ga ruwa mai gudu. Yaron da ke fitsarin jini maganinsa ƙwaya ce ta asibiti, sha ɗaya. A daina ɗaukar fitsarin jini alamar balaga.

Masu dafi

Zaƙami shi ne kan gaba, ba banza a ke kiransa haukata yaro ba. Wanda ya sha shi bakinsa kan bushe, jikinsa ya yi zafi ba gumi, ƙwayar idonsa ta buɗe, ya yi ta sambatu yana kama abin da babu. Samari kan zuba wa juna shi a abin sha wajen biki da sunan wasa, wani ya farfaɗo bayan kwana biyu, wani a kai shi kushewa. Inda ya tsiro a juji ko kangon gida a sa a tumɓuke.

Ƙaron tumfafiya in ya shiga ido yana ƙona shi, in an sha yana taɓa zuciya. 'Ya'yan zurma da na bini da zugu suna da kyaun gani, yara kan tauna su kamar gyaɗa, kaɗan daga ciki sun isa su sa amai da zawo mai kai wa ga halaka. Rai ɗore kuma yana kama da tafasa tun suna ƙanana, alhali tafasa abinci ce, 'ya'yan rai ɗore kuwa ɗanyu suna lalata hantar yaro. Ga yadda za a bambanta su: ganyen tafasa bakinsa a kewaye ya ke, biyu-biyu sau uku a kara ɗaya, na rai ɗore kuwa mai tsini ne kuma ya fi haka yawa.

Ido ba a wasa da shi. Yaro mai ƙyanda da aka matsa wa ruwan ganye a ido, sau da yawa ƙyandar kan warke ta bar shi da makanta. Jariri kuma har ya cika wata shida nonon uwarsa ya ishe shi, dauri ba ya ƙara masa kome sai haɗarin ruwa maras tsabta. Mai jego da ke wanka da ganyen tsamiya ko sabara ba laifi, in ruwan bai kai na ƙuna ba. Yawan kunun kanwa ne likitocin Zariya su ka yi kashedi da shi tun cikin shekarun 1970, da su ka ga mata da yawa zuciyarsu na kasawa bayan haihuwa. An gano wasu dalilan daga baya, amma alamar ba ta sake ba: mai jegon da ƙafafunta su ka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti za a kai ta. Haka wanda kububuwa ta sara. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa inda a ke da allurar dafin maciji.

Masu tallar magani a mota da lasifika, waɗanda kwalba ɗaya tasu ke warkar da basir da shawara da sanyi da ciwon sukari gaba ɗaya, sarakunan kasuwa su sa musu ido, musamman ran Talata a Mafara. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, takan ba maganin gargajiya lamba in ta duba ta ga ba ya cutarwa, amma lambar ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da mai shi ya lissafa. Wanda ba shi da lambar ma, a tambaye shi daga ina ya fito, wa ya san shi.

Kiyaye itatuwan

Dattawa sun san wuraren da dā maɗaci da hano da ɗorawa ke tsaye, yau sai fili. Wasu sun tafi lokacin da aka baje ƙasa don gonakin Bakolori, wasu gatarin masu gawayi ya ci. Yanzu da shiga daji mai nisa ya zama haɗari, masu sassaƙa sun koma kan 'yan itatuwan da ke kusa da gari, sai ka ga maɗaci guda an feɗe shi kamar akuya. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo ya ke sauka zuwa saiwa. In an kewaye gindi da sassaƙa an yanke wannan hanya, itacen zai bushe a tsaye ko da shekararsa ɗari.

Ku tara masu magani ku yi shawara da su a kan ƙa'ida, za su fi kiyaye abin da aka yanke da bakinsu. A sassaƙa a tsaye ta gefe ɗaya, kada faɗin ya wuce tafin hannu, a shafe wurin da laka, kada a koma sai ya rufe. Mai haƙar saiwa ya ɗebi ta gefe ya bar uwar, ya mayar da ƙasa. Inda ganye zai yi aikin a ƙyale ɓawo. Kada a tsinki ganyen magani a bakin gonar da aka yi wa feshi, kada kuma a zuba tsimi a galan ɗin da maganin ƙwari ya zauna ciki, ko an wanke shi. A shanya a inuwa, abin da ya yi fumfuna a zubar. Uban ƙasar da ya ware ɗan fili kusa da gari, ya nemi irin dashe wajen malamin daji na ƙaramar hukuma, ya damƙa wa masu magani su kula da shi, ya rage musu shiga daji ya kuma huta da ƙarar masu gona a kan itatuwansu.

Aikin malamai

Ana roƙon ko wane malamin uban ƙasa ya buɗe littafi na musamman. A rubuta masu magani na ƙasar, da ungozomai da maɗora da wanzamai, da garin kowa da abin da ya fi sani. Sa'an nan a bi itatuwan ɗaya ɗaya: sunan da mutanen wurin ke kira, da sunansa na Fulatanci in an sani, da inda ya ke tsirowa, da sashen da a ke ɗiba, ganye ko ɓawo ko saiwa, da yadda a ke haɗawa, da yawan abin da a ke sha, da wanda aka hana wa. A rubuta waɗanda su ka sha su ka warke, a rubuta kuma waɗanda su ka sha ba su warke ba. Wannan na biyun shi ne mutane ba su son faɗi, shi ne kuwa ya fi amfani ga mai bincike.

Wani mai maganin zai ƙi magana don tsoron a sace masa asirin gadonsa. Yana da hujja, kada a tilasta shi, kuma abin da ya faɗa bisa amana kada ya fita sai da yardarsa. Ana iya ba shi labarin Niprisan, maganin amosanin jini da cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta haɗa cikin shekarun 1990. Daga wajen wani mai maganin gargajiya na ƙasar Yarbawa aka samo haɗin, aka yi yarjejeniya da shi, aka sa sunansa cikin masu haƙƙin abin. Itatuwa huɗu ne a ciki, uku kuwa suna kasuwar kowane gari a nan: masoro da kanumfari da karan dafi. Gwaji ya nuna yana rage yawan tashin ciwon, ko da ya ke ba ya raba mutum da shi.

Tun da suna kan sāɓa daga gari zuwa gari, ko wane itace a haɗa da samfurinsa. A yanko ɗan reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya in akwai, a shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako da dutse. A sake jaridar kullum har ya bushe, wajen mako ɗaya zuwa biyu. A liƙa shi a takarda mai kauri, a rubuta suna da gari da kwanan wata da lambar shafin da bayaninsa ke ciki. Da irin wannan samfuri masanan tsire-tsire na jami'o'in Sakkwato da Zariya ke gane ainihin itacen. Yawancin ƙananan tsire-tsire da damina su ke fure, don haka a fara da rubuta mutane tun da rani, a bar tara samfuri sai ruwa ya zauna.